Motar da aka yasar duk lokacin zafi ba ta cancanci ɗaukar rai a hunturu ba

A Jamus akwai lamba ta musamman da ake bai wa abin hawan da ba ya aiki duk shekara. A gefen lambar ana rubuta watanni biyu, misali 04 a sama, 10 a ƙasa, wato daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai doka ta yarda ya hau titi. Masu babura da masu motocin tsere irin su Porsche suna yawan karɓarta, domin da sanyi ya shigo hukuma takan watsa gishiri a kan hanya don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi. Kafin Bajamushe ya rufe gareji zai wanke motar har ƙarƙashinta, ya canza baƙin mai, ya cika tanki, ya ƙara wa tayoyi iska, ya jona batir da ƙaramar caja, ya toshe bakin salansa saboda ɓera. Duk wannan hidimar mota mai kujera biyu ake yi wa, wadda ba ta ciyar da kowa.

A Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya lissafin a juye yake, kuma nan ne raina yake ɓaci. Motocinmu da sanyi suke aiki, da zafi suke kwanciya. Baƙi masu yawon buɗe ido suna fara sauka ne wajen Oktoba, su ɗauke ƙafa wajen Afrilu, kuma a watannin nan ne kowace kat-kat mai lafiya da marar lafiya take samun haya. Da Mayu ya kama, sai mai mota ya karɓi makulli, ya ce wa direba "sai an neme ka", a jingine Land Cruiser jikin katanga cikin rana, mai a gindin tanki, batir a jone, ƙurar tafiyar ƙarshe ma ba a karkaɗe ba. Wata biyar ba mai leƙa ta. Ranar da aka ji jirgin baƙi ya kusa, a ari batir a tayar da ita, a watsa mata ruwa ta yi ƙyalli, a zuba mutane a ciki a nufi duwatsun Ahaggar.

Alhazai masu motoci, ku gafarce ni, amma mota ba hutawa take yi ba idan kun yasar da ita haka. Lalacewa take yi a tsaye. Garin nan yana kan tudu, kusan mita 1,400 sama da teku, ranarsa tana dafa roba. Tayar da ta tsaya a gefe guda wata da watanni takan tsattsage a kuiɓi, ko da zanenta yana nan sabo fil. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Masu motoci nawa ne suka taɓa durƙusawa suka karanta? Batir kuwa zafi ya fi sanyi kashe shi, yana zuƙe cajinsa a hankali, kuma in ya daɗe a mace ba ya komawa yadda yake ko an yi masa caji. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu. Wanda ya tsufa yakan tafasa idan birki ya ɗauki zafi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Ɓera ya samu wata biyar yana cin waya, fanbel ya bushe, tsohon baƙin mai ya kwanta a gindin inji da dattinsa.

Sai babban gangancin da ya fi ci mini rai, wato lagireto. Da zafi mutane sukan ɗura masa ruwan famfo zalla, a manta da ruwan da ke hana daskarewa. To hanyar Assekrem fa? Kilomita wajen 80 ce daga gari, yawancinta duwatsu da hawa da gangara, ta kai ka sama da mita 2,700, inda wani mai suna Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911. Baƙi kwana suke yi a can don su ga fitowar rana. A daren Disamba da Janairu ruwa yana daskarewa a wurin, kuma ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi, ya fasa lagireto, wani lokaci har jikin inji. Gari ya waye da mutum biyar ko shida a kan dutse, iska tana yanka fata, mota ba ta motsi, waya ba ko'ina take kamawa ba. In kuma ta tashi lafiya, saura gangara da wancan man birkin.

Idan abin ya faru, kalma ɗaya ake ji: ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, shi ya sa nake jin zafi idan aka mayar da ita mayafin rufe rowa. Mutumin da ya san tayarsa ta shekara bakwai, ya san bai canza man birki ba tun da ya sayi motar, ya ce "ai Toyota ba ta mutuwa, a lallaɓa ta", ba shi da bakin kiran ƙaddara a gaban iyayen wanda ya karye.

Na san uzurin da za a kawo. Tun 2016 gwamnatin Aljeriya ta taƙaita shigo da motoci, aka shafe shekaru sabuwar mota tana wuyar samu, tsohuwa ta yi tsadar da hankali ba ya ɗauka, kayan gyara suka bi sahu. Sai a 2023 aka sake buɗe ƙofa ga motocin da ba su kai shekara uku ba. Sana'ar kanta ta sha wuya tun sace Turawa 32 da aka yi a hamadar Aljeriya a 2003, aka yi shekaru baƙi ba sa zuwa, motoci da yawa suka tsufa a tsaye. Duk gaskiya ne. Amma wannan hujja ce a kanku. Wanda ya san ba zai iya sayen wata ba shi ya kamata ya fi kowa tattalin wadda ke hannunsa. Kuma tun da aka fara bai wa masu zuwa kudu biza a filin jirgi a 2023, baƙi sun dawo, kuɗi yana shiga. Ina yake tafiya, in ba a ga alamarsa a jikin taya ba?

Abin da ake bukata ma ba shi da yawa. Cire kan batir kyauta ne. Inuwa ko tamfol mai barin iska ta shiga ba za su talauta kowa ba. A cika tanki, a canza baƙin mai kafin a ajiye, a ɗora motar kan katako don tayoyi su huta, ko a fita da ita duk bayan mako biyu ta yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai. A sa dutse a taya maimakon barin birkin hannu a ɗaure wata biyar. Kuma don Allah a daina ajiye mota a bakin kori, domin ruwan Agusta da Satumba ba ya sallama idan ya gangaro daga duwatsu.

Wanda zai yi wannan aikin yana nan, shi ne direban da kuka sallama ba ko sisi tun Mayu. Shi ya san kukan injin, shi ya san tayar da ke zubar da iska. Amma kun bar shi yana neman aikin lebura har Oktoba, sannan ku miƙa masa makullin motar da bai gani ba wata biyar, da baƙi a tsaye da jakunkunansu. In ta mutu a hanya shi ake zagi, shi ake cire wa kuɗi. In bai isa ba a gangara kan yaron gareji, sau da yawa ɗan Agadas ko Tawa da ya zo neman abinci, wanda ba shi da bakin musu, a ce shi ya ɓata ta. Haka abin yake ga motocin fatake masu bin hanyar In Guezzam, kilomita wajen 400 na hamada, inda mutuwar mota take iya zama mutuwar mutum.

Ku biya direba wani abu a watannin zafi, ku bar masa makulli da kuɗin mai da na gyara, ya riƙa kula da motar. Masu duba lafiyar motoci su riƙa karanta shekarun taya, su gwada man birki da ruwan lagireto kafin su buga hatimi ga duk motar da za ta hau Ahaggar da fasinja. Ku kuma direbobi, 'yan uwana, ranar da aka miƙo muku makulli a Oktoba ku durƙusa ku karanta lambobin nan huɗu, ku buɗe lagireto ku duba, in ba ku gamsu ba ku mayar wa Alhaji makullinsa a gaban baƙin.