An Gina Tashoshi A Abuja, To Ina Motocin Bas Ɗin?

A shekarar 2025 gwamnatin Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ta ƙaddamar da sabbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo. Cikin dalilan da aka bayar har da daƙile ’yan fashin nan da ake kira “wan-cans”, masu ɗaukar fasinja a motar haya ta bogi su yi masa ƙarƙaf. Dalilin abin dubawa ne. Sai dai abin da ke jefa ma’aikaci cikin motar da bai sani ba shi ne rashin wadda zai dogara da ita, kuma gini ba ya ɗaukar fasinja.

Ba yau birnin ya mallaki kamfanin sufuri ba. AUMTCO ya samo asali ne tun 1984, kafin ma fadar gwamnati ta baro Legas a 1991. Sau biyu aka jibga masa kaya mai nauyi: a 2006 da Nasir El-Rufai ya hana acaɓa a tsakiyar birni, da kuma 2013 da Bala Mohammed ya kori ƙananan bas ɗin da ake kira “araba”. Duk lokacin an yi alkawarin manyan bas za su cike gurbin. Sun zo, sun yi ’yan shekaru, sannan da yawansu suka kwanta a gareji.

Akan ɗora laifin kan sakaci, kuma akwai shi. Amma tushen matsalar yana cikin fasalin birnin kansa. Ofisoshi suna tsakiya, masu aiki a cikinsu kuwa tsadar haya ta tura su Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, wasu har Mararaba a jihar Nasarawa da Suleja a jihar Neja. Don haka bas takan shigo da safe maƙil, ta koma kusan wayam, da yamma lissafin ya juye. Tafiya biyu ke nan da kuɗin tafiya ɗaya. Ga dizal, wanda an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, ga kayan gyara da ake shigowa da su da dala. Kuɗin motar da ƙaramin ma’aikaci zai iya biya ba zai rufe wannan giɓi ba, sai gwamnati ta riƙa zuba tallafin gudanarwa duk shekara. Shi kuwa tallafi ba a yanka masa ƙyalle a gaban kyamara, shi ya sa sayen sabbin motoci ya fi jan hankalin masu mulki.

Legas ta bi wata hanya a 2008: ta ware wa bas ɗinta na BRT layi na musamman daga Mile 12 zuwa CMS, hukumar LAMATA tana sa ido kan masu tafiyar da motocin. Da sauran gyara a can ma, amma bas ɗin da ba ta maƙale a cunkoso takan yi sawu da yawa a rana. Titin Nyanya zuwa AYA ba shi da irin wannan layi.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye kaso mai tsoka na albashin mazauna gefen birni. Tambayoyin da ya kamata ’yan majalisa su yi wa ministan lokacin kare kasafin kuɗi ba su da wuya: bas nawa AUMTCO ke fitarwa kowace safiya, a waɗanne hanyoyi, kuma nawa aka ware domin gyaransu?