Shayi uku ba ya wanke raini

A makarantun soja na Turai da Amurka ana koya wa jami'an da za su ba rundunonin Afirka shawara cewa sanin al'ada makami ne: baƙo ya iya "sannu da aiki", ya iya "fofo" na Zabarmawa, ya jure zagaye uku na shayi, sai zukata su buɗe masa. Wannan dabarar maharbi ce, mai kwaikwayon kukan tsuntsu don ya kama shi.

Yamai ta nuna iyakarta. Amurkawa sun yi shekaru suna aiki da Janar Musa Salau Barmu, wanda ya yi karatun soja a ƙasarsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zama babban hafsan sababbin masu mulki. A Maris 2024 tawagar Molly Phee da Janar Michael Langley ta sauka Yamai, ta gargaɗi masu masaukinta kan hulɗa da Rasha da Iran. Baƙon da ke zaɓa wa mai gida abokai, a ƙasar Hausa ko ta Zabarma, ya riga ya karya ladabi tun daga zaure. Ranar 16 ga watan, Kanar Amadu Abdurrahman ya sanar da soke yarjejeniyar soja, yana zargin tawagar da raini. A Agusta Amurkawa suka bar sansanin Agadas, wanda gina shi ya ci fiye da dala miliyan 100.

Alamar ta bayyana tun Tongo Tongo, a Oktoba 2017: duniya ta haddace sunayen Amurkawa huɗu da suka mutu, sojojin Nijar da suka faɗi tare da su kuwa aka ambace su da adadi.