Ina Amfanin Wayar Da Ba Ta Kare Mai Ita?

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, lokaci ya yi da za mu gaya wa juna gaskiya komai ɗacinta. Ranar 1 ga Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, cikinsu har da Ikeja da Apapa da Surulere. Kowa ya san 'ya'yan waɗanda abincinsu ya zube a wannan rana. To, me muka yi? Kuka a masallatai da gutsiri-tsoma a WhatsApp, shi ke nan!

Laifin har da na wasu masu kiran kansu shugabannin al'umma, waɗanda kullum karatunsu ɗaya ne, wai baƙo ba ya da bakin magana. Ƙarya ce tsagwaronta. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama. Wanda ke biyan haraji da kuɗin rumfa kuwa, dole a saurare shi.

Kayan aikin ma suna nan a intanet kyauta. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana sa kasafin kowace shekara a shafinsa. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Ikko cikin 2011, tana fayyace shi dalla-dalla, shirinta na Tracka kuma yana bin sawun ayyukan mazaɓu. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatun Tarayya amsa takardar mai tambaya cikin kwana 7.

Mai shakka ya tuna da Bagega a Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara. Matasan Follow The Money, su Hamzat Lawal, suka hana gwamnati sakat ta intanet, har ta saki kuɗin share ƙauyen a 2013. Haka kuma matsin lambar matasa ta sa a 2018 aka rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25.

Saboda haka kowace ƙungiyar 'yan kasuwa, daga Agege zuwa Sabo, ta ware yara biyu masu ilmin boko, aikinsu bin ƙudurorin majalisa da rubuta takardar koke tun doka tana ɗanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.