Bindigar Kamfani Ko Ta Maƙera: Wacce Ta Fi Saiti?

Jama'a, ga amsata ga maharbanmu na Wurma da Kurfi: ta kamfani ta fi. Inji ne ya huda bututunta, harsashinta kuma awonsa ɗaya. Ita kuwa adaka da hannu ake ɗura mata albarushi, yau ya yi yawa, gobe ya gaza.

Amma fa ko Baikal ta Rasha, sabuwa dal daga kwali, ba lallai ta zuba daidai inda ido ya nufa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin farautar rani, a gwada ta a fili, a san inda take karkata. A dajin da makiyaya da masu itace ke yawo, kuskuren taki ɗaya rai ne. Allah Ya kiyaye.