Su da nasara a kotu, talaka da baƙar magana

Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi a Kawo ko Unguwar Shanu, ko cikin masu gyaran waya a bakin titin Ahmadu Bello, ya san cewa in ana zancen laƙaba wa azzalumi suna, samarin Kaduna ba baya ba ne. Ashe abin ba nasu ba ne su kaɗai. Shekara da shekaru ke nan masu hira a intanet suke cire harafin "s" daga sunan kamfanin kwamfuta na Microsoft, su dasa alamar dalar Amurka a gurbinsa, wasu ma su taƙaita shi zuwa M$, wato dai kamfanin da kuɗi ne alƙiblarsa.

Dalili bai ɓuya ba. A watan Yunin 2000, alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, bayan ya same shi da laifin danne abokan gasa. Shekara guda bayan haka kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni, duk da ta yarda an yi danniyar, har ta zargi alƙalin da sakin baki a gaban 'yan jarida. Daga nan gwamnatin Bush ta sasanta da kamfanin. Masu zolaya suka ci gaba da zolaya, da yawansu kuma a kan manhajar kamfanin suke buga ta! Haka aka maimaita da Google: alƙali Amit Mehta ya same shi da laifin babakere a 2024, amma a Satumbar 2025 ya ƙi tilasta masa sayar da Chrome, darajar hannun jarinsa ta yi sama nan take.

To, kada mai karatu ya ɗauka labarin ƙetare ne kawai. A watan Oktoban 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04, wato dubu 200 kan kowane layi cikin layuka miliyan 5.2 marasa cikakkiyar rajista da bai toshe ba. Wannan kuwa a lokacin da bama-bamai ke tashi a Arewa. Shugaba Buhari da bakinsa ya ce irin waɗannan layuka sun taimaki 'yan Boko Haram. Kamfanin ya garzaya babbar kotun tarayya a Legas, ya ɗauko Eric Holder, tsohon ministan shari'a na Amurka, don ya shiga tsakani, ya ajiye biliyan 50, ya janye ƙara. Zuwa Yunin 2016 tara ta koma biliyan 330, ita ma a biya kashi-kashi cikin shekara uku. Ko hukunci ba a kai ga yankewa ba. Mai sayar da rake da ya tare hanya a Kasuwar Barci, wa zai rage masa kashi biyu cikin uku na tara?

Ba wai ana raina ba'a ba ne. Ita ce makamin wanda ba shi da lauya, kuma tana hana a manta. Illarta ita ce tana huce zuciya: mutum ya yi dariya, ya ji kamar ya rama, ya miƙe ya sayi katin waya. Ai an gani a kan NEPA. An fassara haruffanta da cewa kada ka taɓa sa ran wuta; da ta koma PHCN a 2005 aka ce matsala ce ta sauya suna. An sayar da ita, har yau yara na ihun "NEPA!" in an kawo wuta, har yau kuma ana kwana a duhu a Tudun Wada.

A watan Janairun 2025 NCC ɗin nan dai ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Habaici ya cika Facebook na 'yan kwanaki, kowane rubutu kuma da sabon farashin aka tura shi.