Miyar gashin nama ta Amurkawa da maganar barasar da ake zubawa cikinta

A wannan mako filinmu zai leƙa madafa ne, domin wata tambaya da take yawan tasowa tsakanin ƴan kasuwarmu masu fita waje da ma'aikata masu zuwa taro ko liyafa a manyan otal-otal. Ana kawo wa mutum gasasshen nama an shafe shi da wata miya mai kauri, ja mai duhu, mai zaƙi da tsami. In ya tambaya, sai a ce masa an yi ta da ƴaƴan itace da ɗan wiski, amma ya kwantar da hankalinsa, wuta ta ƙone barasar duka. Irin wannan miya ta kuma shigo manyan kantuna cikin kwalabe. To mece ce wannan miya, yaya ake yin ta, kuma shin gaskiya ne wuta tana cinye barasar?

Mu fara da asali. Amurkawa suna kiran gashinsu «barbecue». Kalmar ta fito daga «barbacoa», sunan da mutanen tsibiran Karibiyan suke kiran wani ragaya na itace da ake ɗora nama a kai bisa wuta, kuma wani marubuci ɗan Spaniya mai suna Oviedo ya rubuta ta tun 1526. A kudancin Amurka ne sana'ar ta yi saiwa, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka da jikokinsu su ne suka fi riƙe ta. Gashin ba na gaggawa ba ne: wuta kaɗan, hayaƙin itace, awoyi da yawa. Wanda ya san yadda muke gicciya itace mu jera ragunan layya kewaye da wuta tun hantsi har dare, ya riga ya san rabin wannan ilimi.

Kowane yanki da irin miyarsa. A gabashin jihar Karolina ta Arewa binegar ne da barkono kawai, ruwa-ruwa. A Karolina ta Kudu mutardi ne ginshiƙi. A arewacin Alabama akwai farar miya ta mayonez. A garin Owensboro na jihar Kentaki, inda suka shahara da gasa naman tunkiya, miyar baƙa ce marar kauri. Amma wadda duniya ta fi sani ita ce ta birnin Kansas, mai tumatir da baƙin ruwan rake, mai kauri da zaƙi. Irinta ce kamfanoni suka fi zubawa a kwalba. Kamfanin Heinz ya fara sayar da tasa miyar gashi a 1940. Daga wannan miya ta Kansas ne masu girki a gida suka ɗauki hanya, suna rage tumatir suna sa ƴaƴan itacen da suke da su: tuffa, abarba, mangwaro, ko wanda Faransawa ke kira «pêche», sannan su tsiyaya barasa a kai.

Barasar da suka fi sawa ita ce «bourbon», wiskin Amurka wanda mafi yawansa a Kentaki ake yi. Dokarsu ta ce dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi shi da shi ya zama masara, a ajiye shi cikin sabuwar gangar itace wadda aka babbaka cikinta, kuma ƙarfinsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin 100. A 1964 majalisar dokokinsu ta ayyana shi a matsayin abin da ya keɓanta da ƙasarsu. Wasu kuma suna sa «rhum», wanda ake yi da rake, musamman in miyar ta abarba ce ko mangwaro.

Me mai girki yake nema a cikinsa? Abu biyu ne. Na farko ƙanshin ganga: itacen da aka babbaka yana sakar wa abin da ke cikinsa ƙanshin banila, da na sukarin da ya soyu, da ɗan hayaƙi. Na biyu, alkol yana narkar da wasu ƙamsassan sinadarai na kayan yaji, yana kuma saurin tashi da su zuwa hanci. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai mai karatu ya lura: kaurin miyar daga ɗan itace yake fitowa, domin akwai wani sinadari mai danƙo a tsokarsa da ake kira pektin. Tsamin daga binegar yake, zaƙin daga sukari, zafin daga yaji. Barasa baƙuwa ce da ta zo daga baya.

Yanzu ga babbar magana. Masu cewa wuta ta ƙone barasa suna kafa hujja da cewa alkol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, saboda haka alkol zai riga ruwa ficewa. A baki maganar tana da daɗin ji, amma a tukunya ba haka take ba, sabili da in alkol ya gauraya da ruwa tare suke tashi, sannu a hankali. Masu bincike na jami'o'in Idaho da jihar Washington tare da ma'aikatar noma ta Amurka sun gwada abin, suka wallafa sakamakon a 1992, kuma ma'aikatar tana da jadawali a kai. In an zuba barasa cikin abin da ke tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na alkol yana nan. In an cinna mata wuta ta yi bal-bal kamar yadda ake yi gaban baƙi a otal, kashi 75 ya rage. In an bar ta tana dahuwa minti 15, saura kashi 40. Minti 30, kashi 35. Awa ɗaya, kashi 25. Awa biyu, kashi 10. Har bayan awa biyu da rabi ana samun kashi 5.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Miyar gashi galibi minti 20 zuwa 30 take yi a wuta. A ce an zuba mililita 120 na wiski mai ƙarfin kashi 40 a tukunya: alkol mililita 48 ke nan. Bayan rabin awa, bisa wancan jadawali, kimanin mililita 17 suna nan cikin miyar. Gaskiya ne in an raba ta ga mutane da yawa, aka kuma sake gasa ta a jikin nama, abin da zai shiga cikin kowa kaɗan ne, ba zai sa maye ba. Amma kaɗan daban, babu daban. Ga Musulmin da ba ya son ko ɗigo ya shiga abincinsa, hukuncin yana wurin malamai, sai dai ya kamata tambayar da zai kai musu ta tsaya bisa gaskiya, ba bisa zancen ma'aikacin otal ba. Haka kuma mace mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da wanda ya tuba daga shan giya yana tsoron komawa, da mai shan maganin da likita ya hana haɗa shi da barasa, irin su Flagyl, duk suna da haƙƙin a faɗa musu abin da ke cikin kwano. Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda zai sayi kwalba a kanti ya juya bayanta ya karanta: in ya ga «whisky», «bourbon», «rhum», «vin», «bière» ko «alcool», ya san inda ya tsaya.

To, a bar miyar ke nan? A'a. A ganinmu ɓarna ce a bar ta, domin kayanta a ƙofar gidanmu suke. Duk shekara daga Afrilu zuwa Yuni mangwaro yana cika kasuwanninmu har ya riƙa ruɓewa a tire, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku. Tattasan Diffa ba ya da na biyu. Dabino yana zuwa daga Ingal da Kawar. Mazarƙwaila tana yin aikin baƙin ruwan raken Amurkawa. Tsamiya kuwa Turawa sun daɗe da gane darajarta: tana cikin miyar Worcestershire da Ingilishi suke sayarwa tun 1837, ita da dabino kuma suna cikin miyar HP. Wato abin da muke taka wa a gindin itace, shi ake mayar mana cikin kwalba da tsada.

Ga yadda za a yi ta a gida. A nemi nunannun mangwaro manya 3 marasa zare, waɗanda tsokarsu za ta kai rabin kilo, babbar albasa 1, tattasai 2, tafarnuwa ƙwaya 4, tumatirin gwangwani cokali 3, dabino 5 da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa, tsamiya cikin hannu guda, a jiƙa a ruwan ɗumi a tace, binegar finjalin shayi 2, mazarƙwaila kamar garam 80, sai citta, masoro, kanumfari ƙwaya 2, barkono gwargwadon ƙarfin gida, gishiri, da mai cokali 2.

Da farko a ɗora albasar da tattasan bisa garwashi kai tsaye har bayansu ya yi baƙi-baƙi, a kankare ƙunar sama-sama a yanka. Wannan shi zai ba da ƙanshin hayaƙin da wasu ke nema a gangar wiski. A soya su cikin mai da tafarnuwa a wuta marar ƙarfi har su yi laushi, a zuba tumatir a ci gaba da juyawa minti 2 ko 3 don ɗanyen warinsa ya fita. Sai a zuba mangwaro, dabino, ruwan tsamiya, binegar, mazarƙwaila da kayan yaji. A rage wuta, a bar tukunya a buɗe minti 30 zuwa 40, ana juyawa akai-akai domin sukari yana saurin kama gindi. In ta yi kaurin da za ta manne a bayan cokali, a sauke, a cire kanumfari, a niƙa ko a murje a rariya. A ɗanɗana: in zaƙi ya yi yawa a ƙara tsamiya, in tsami ya fi a ƙara mazarƙwaila. Mai son ƙanshin banila ya sa rabin ƙullin sukarin banila na gari da ake sayarwa a kanti. A yi hattara da na ruwa cikin ƙaramar kwalba, domin shi kansa galibi da alkol ake haɗa shi.

Wurin shafawa ne mutane da yawa suke ɓata nama. Miyar tana da sukari, sukari kuma ba ya jimirin wuta. In an shafa ta tun farko, waje zai ƙone ya yi ɗaci alhali ciki bai nuna ba. A gasa naman da gishiri da yaji kamar yadda aka saba, sai ya kusa nuna, saura minti 10 ko 15, a janye shi daga tsakiyar garwashi a shafa sau biyu ko uku ana juyawa. Ta fi dacewa da haƙarƙarin rago, da kaza, da zabo. Tsire da kilishi kuwa a bar su da ƙuli-ƙulinsu, ba su nemi taimako ba. Kada kuma a yi tsammanin miyar za ta tausasa tsohon nama ko da an yi ta da abarba ko gwanda. Sinadarin da ke tausasa nama a cikin waɗannan ƴaƴan itace zafi yana kashe shi; shi ya sa masu naɗe nama cikin ganyen gwanda ɗanye suke amfani da shi.

Saura maganar ajiya, kuma ita ce ta fi shafar lafiya. A raba miyar gida biyu tun kafin a fara gashi: wadda za a shafa da wadda za a kai tebur. Abin da ya taɓa ɗanyen nama kada ya koma kwalba. A zuba sauran cikin kwalbar da aka tafasa, a sa a firigo, a cinye cikin mako guda. In kuran ya ɗauke tsawon yini cikin zafin bazara, a sake tafasa ta a ci a ranar ko a zubar. Ga matan da suke tunanin mayar da ita sana'a, da ƴan kasuwar da za su sa kuɗi, akwai sharaɗi: abincin da za a rufe a kwalba a ajiye ba firigo dole tsaminsa ya kai ma'aunin da masana ke kira pH 4,6 ko ƙasa da haka, in ba haka ba wata ƙwayar cuta mai dafin da ke shanye jiki tana iya tsirowa ba tare da wari ko canjin launi ba. Nunannen mangwaro shi kaɗai ba a dogara da tsaminsa. Saboda haka kada a rage binegar don neman riba, kuma a kai samfur a gwada wurin masana sarrafa abinci kafin a fitar da shi kasuwa.

Muna fata wanda ya gwada zai rubuto mana yadda ta kasance, musamman waɗanda suka musanya mangwaro da gwaba, goriba ko zoɓo. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.