Ra'ayinmu: Ma'aikaci da abin da ya gani yake aiki

Ƙorafin da jama'a ke yi kan ma'aikatan gwamnati sananne ne: zuwa ofis a makare, tashi da wuri, da jan ƙafa kan fayil. Akan kwatanta su da ma'aikatan bankuna, a ce waɗancan sun fi himma. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa makaranta ɗaya suka yi, mota ɗaya suke shiga daga Nyanya ko Kubwa. Abin da ya raba halinsu shi ne yadda kowannensu ke kallon wurin aikinsa.

Tarihi ya nuna haka. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami dubban ma'aikata nan take, da nufin tsabtace aikin gwamnati. Darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, don haka wasu suka koma tanadin gobensu ta kowace hanya. A 2004 aka kafa SERVICOM domin inganta hidima ga jama'a, amma allon alƙawari a ƙofar ma'aikata ba ya sauya zuciyar wanda ya ga an tsallake shi an ɗaga ɗan lele.

Kamfanoni masu zaman kansu ma suna da nasu ciwon. Bankuna da dama na ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da na dindindin a kan albashi mai rata. Irin wannan ma'aikaci yana zuwa da wuri saboda tsoron kora, amma da zarar ya samu wata ƙofa sai ya fice. Tsoro na sa biyayya, amma ba ya gina amana.

Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 mataki ne mai kyau, ko da yake tsadar sufuri tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta cinye kaso mai yawa. Sai dai kuɗi kaɗai ba sa gyara hali.

Yanzu da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ke maye gurbin tsohon fom ɗin APER da sabon tsarin auna ƙwazo, muna kira da a yi shi a fili. Kowane ma'aikaci ya san ma'aunin da za a gwada shi da shi, ya ga makinsa, ya kuma samu inda zai kai kuka. A biya bashin ƙarin girma a kan lokaci. Manyan sakatarori, daraktoci da hadiman ministoci su fara da kansu, domin na ƙasa agogon maigidansa yake duba, ba takardar umarni ba.

Ranar da ma'aikaci ya ga mai ƙwazo ya ci gaba, malalaci ya tsaya, ba sai an kulle ƙofa ƙarfe takwas ba. Gani ya kori ji.